HADDA A MAKARANTAR JINYA: DABARUN HAUSAWA NA RIƘE KARATU DA ALƘALUMAN AWON JINI

1.0 GABATARWA

Duk ɗalibin da ya shiga makarantar koyon aikin jinya, ko ta ungozoma irin wadda take Malumfashi, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wani shafi wanda babu kome a cikinsa sai alƙaluma. Waɗannan alƙaluma su ne iyakokin da ake sa ran sakamakon awon jinin lafiyayyen mutum zai faɗa a tsakaninsu. Ana bukatar ɗalibi ya haddace su saboda jarrabawar Hukumar Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Amma babbar jarrabawar tana gaba, wato ranar da za a tura shi ƙaramin asibiti a ƙasar Matazu ko makamanciyarta, a miƙo masa takardar awo da tsakar dare, likita kuwa yana nesa. A wannan lokaci shi ne zai yanke shawara ko a kwana da majinyaci ko a nemi mota zuwa babban asibiti a Malumfashi, ko Funtua, ko Katsina.

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen hadda, kuma dabarun da makarantar allo da marubuta waƙoƙi suka daɗe suna amfani da su za su iya sauƙaƙa wa ɗalibin jinya wannan aiki. Za mu fara da ma'anar kalmar "daidai", sannan mu kawo alƙaluman, mu bi su da dabarun hadda, daga nan mu duba wasu tarkuna da harshe yake ɗana wa ɗalibi.

2.0 ME AKE NUFI DA "DAIDAI"?

Idan Bahaushe ya ce abu ya yi daidai, yana nufin ya zauna cif, babu ragi babu ƙari. A ɗakin awo ma'anar ta sha bamban. Yadda ake samo iyakokin shi ne a auna jinin mutane masu yawa waɗanda suke lafiya lau, a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, sannan a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na tsakiya a ce su ne daidai. Ke nan, cikin kowane lafiyayyu 20, ana sa ran mutum ɗaya zai faɗo waje alhali babu abin da yake damunsa. Daidai a nan fili ne mai iyaka biyu, kamar gona, kuma wanda ya ɗan taka kan iyaka bai zama ɓatacce ba.

Abu na biyu, iyakokin sukan ɗan bambanta daga wannan ɗakin awo zuwa wancan, gwargwadon na'urar da aka yi aiki da ita da mutanen da aka auna. Kowace kasuwa da mudunta. Alal misali, an tabbatar cewa yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini ƙasa da na Turawa, kuma wannan halitta ce, ba ciwo ba. Abu na uku, masana sukan sauya iyaka idan bincike ya ƙaru. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da alƙalamin da ake tabbatar da ciwon sukari daga 7.8 zuwa 7.0. Saboda haka abin da ɗalibi ya haddace jagora ne, wanda aka buga a gefen takardar awo kuwa shi ne alƙali.

3.0 ALƘALUMAN

Ga kaɗan daga cikin waɗanda ma'aikacin jinya ya fi cin karo da su, kamar yadda yawancin littattafan koyarwa suke kawo su ga baligi:

(a) Himogulobin, wato sinadarin da yake sa jini ja, yake kuma ɗaukar iska: kada ya gaza giram 13 a desilita ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki.
(b) Fararen ƙwayoyin jini: 4,000 zuwa 11,000 a maikurolita.
(c) Ƙwayoyin daskarar da jini: 150,000 zuwa 400,000 a maikurolita.
(d) Sukari, kafin a karya kumallo: milimol 3.9 zuwa 5.5 a lita.
(e) Sodiyam: milimol 135 zuwa 145 a lita.
(f) Fotashiyam: milimol 3.5 zuwa 5.0 a lita.
(g) Albumin: giram 35 zuwa 50 a lita.
(h) Ma'aunin tsamin jini: 7.35 zuwa 7.45.
(i) Iskar kabon a jinin jijiya mai harbawa: milimita 35 zuwa 45 na zaiba.

Game da (a), a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ɗan gyara, ta ce a watanni uku na tsakiyar ciki iyakar ita ce 10.5. Dalilin da ya sa na mai ciki ya fi ƙasa shi ne ruwan jininta yana ƙaruwa fiye da yadda jajayen ƙwayoyin suke ƙaruwa, sai jinin ya tsinke kamar kokon da aka ƙara wa ruwa. Wanda ya san wannan dalili da wuya ya juya alƙaluman, ya ba mai ciki na namiji.

4.0 DABARUN HADDA

4.1 Gutsurawa

Malamin allo ba ya ɗora wa kolo izu guda a rana ɗaya. Yakan rubuta masa layi biyu ko uku, ya biya masa, ba kuwa za a wanke allon ba sai karatun ya zauna. Hatta rabon Alƙur'ani zuwa izu 60, kowane izu kuma sumuni 8, yana taimakon mahaddaci ya san girman lomar da zai iya haɗiyewa. Masana halayyar ɗan'adam sun zo sun tarar da wannan. A 1956 wani Ba'amurke, George Miller, ya nuna cewa abin da mutum yake iya riƙewa a kansa a lokaci guda bai fi abubuwa bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu.

Kuskuren ɗalibai da yawa shi ne ɗaukar shafin gaba ɗaya ana saura kwana biyu jarrabawa. Abin da ya fi shi ne a kasa alƙaluman gida-gida bisa aikinsu a jiki: gidan ƙwayoyin jini, gidan gishirin jiki, gidan ƙoda, gidan hanta. A ɗauki gida ɗaya, alƙaluma uku ko huɗu, kada a wanke allo sai sun zauna. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

4.2 Harji

Gardawa suna da wani ilmi da suke kira harji, wato sanin sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza, da wuraren da ta zo. Amfaninsa shi ne kada wurare masu kama da juna su rikita mahaddaci, ya tashi daga wannan sura ya faɗa waccan. Gardi ba ya gudun abubuwa masu kama. Tara su yake yi wuri ɗaya ya ƙirga su, sai kamar ta zama abin riƙo.

Idan muka dubi jerin da ke sama da idon gardi, za mu ga 35 ta zo sau biyar. Sau uku tana tare da 45: sodiyam 135 zuwa 145, tsamin jini 7.35 zuwa 7.45, iskar kabon 35 zuwa 45. Sau biyu kuma tana tare da 50: albumin 35 zuwa 50, fotashiyam 3.5 zuwa 5.0. Ashe abin da ake gani kamar alƙaluma goma, uku ne kawai suke sauya riga. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya riƙe wa ya ɗauki ɗari a gaba, wa ya ɗauki bakwai, wa kuma ɗigo ya shiga tsakiyarsa.

Haka kuma himogulobin matakala ce mai sauka: sha uku, sha biyu, sha ɗaya; maigida, uwargida, mai ciki. A yawancin ƙananan asibitoci abin da ake aunawa shi ne PCV, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka cinye a cikin jini, kuma shi kusan ninki uku ne na himogulobin. Wanda ya riƙe 13, 12, 11, ya samu 39, 36, 33 kyauta.

4.3 Ramzi

Marubuta waƙoƙin Hausa na ajami sukan rufe waƙa da ramzi, wato wata ƙirƙirarriyar kalma wadda idan aka tara darajar baƙaƙenta za ta ba da shekarar da aka yi waƙar. Hikimar ita ce kalma ta fi lamba zama a ka, kuma tana shiga baiti. Ga wanda ya taso da hisabi, ƙaf 100 ce, lam 30, mim 40, nun 50, ha-kuri 5. Idan aka haɗa lam da ha-kuri an samu 35, sai mu ce "laha". Mim da ha-kuri 45, "maha". A ɗora ƙaf a gaba, sai ga "ƙalaha" 135 da "ƙamaha" 145.

Ke nan sodiyam "ƙalaha-ƙamaha" ne, iskar kabon "laha-maha", tsamin jini "bakwai laha, bakwai maha", albumin kuwa "laha-nun". Sai dai a kula, ha-kuri ake nufi, domin ha ƙarami darajarsa 8 ce, wanda ya musanya su zai tashi da 138. Wannan dabara ba kowa za ta yi wa amfani ba, amma a ƙasar da ɗalibai da yawa suka riƙe allo kafin su riƙe fensir, asara ce a bar ta a ƙasa.

4.4 Tilawa da Satu

Hadda tsuntsuwa ce, idan ba a ɗaure ta ba sai ta tashi. Don haka ne gardi yake da kason da yake tilawa kullum, yana kewayawa har ya dawo farko. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici a tazara yana rage mata gudu. Minti goma kullum da asuba sun fi kwana guda ana zaune.

Amma tilawa kaɗai ba ta mai da gardi alaramma. Sai ya yi satu, wato ya rubuta daga ka ba tare da duba takarda ba, ya kai gaban na gaba da shi a bi masa baƙi da wasali. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci ga ɗalibin jinya. Mai kallon shafi yana gyaɗa kai yakan zaci ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba. A rufe littafi, a ɗauki farar takarda, a rubuta sunan awo da iyakokinsa da ma'auninsa, a ba aboki ya duba. Inda aka yi tuntuɓe, nan ne karatun gobe.

5.0 TARKON HARSHE

Ɗalibin jinya yana karatu da Ingilishi, yana tunani da Hausa, yana kuma yi wa majinyaci bayani da Hausa. A wannan mararraba akwai tarkuna uku da ya kamata a sani.

5.1 Lamba Babu Ma'auni

Idan manomi ya dawo daga kasuwa ya ce ya sayar da dawa "uku", ba a san kome ba sai ya ce mudu ne, ko tiya, ko buhu. Haka awon sukari yake. Wasu na'urori suna ba da sakamako da milimol a lita, wasu da miligiram a desilita, kuma milimol ɗaya daidai yake da miligiram 18. Saboda haka 3.9 zuwa 5.5 a wannan ma'auni shi ne 70 zuwa 99 a wancan, 7.0 kuma ita ce 126. To, idan aka ce "sukarinsa ashirin", me ake nufi? In miligiram ne, sukari ya ƙare, majinyaci yana bakin mutuwa, a ba shi sukari nan take. In milimol ne, ya kai miligiram 360, ya hau ƙwarai, ƙara masa sukari kuwa ƙara wa wuta mai ne. Lamba ɗaya, magani biyu masu gaba da juna. Duk wanda ya haddace lamba ya bar ma'auninta, ya haddace baƙi babu wasali.

5.2 "Kashi"

Da yake ana faɗin PCV da kashi cikin ɗari, sau da yawa idan aka ce wa 'yan'uwan majinyaci "jininsa kashi arba'in ne", sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka sittin sun zube. Ga Bahaushe, cikakken abu shi ne ɗari bisa ɗari. Alhali jini ruwa ne da ƙwayoyi, kuma a jikin ƙaƙƙarfan namiji ma ruwan ya fi rabi. Arba'in lafiya ce. Haka kuma idan aka ce "kashi sha biyar", wani zai ji kamar bai yi nisa da talatin ba, alhali shi ne bakin rami. Ma'aikacin jinya a nan tafinta ne. Zai fi kyau ya ce, "Na mai lafiya yakan kai talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, nasa kuwa bai kai rabin haka ba." Ya kuma sani cewa leda ɗaya ta jini takan ɗaga na baligi da kimanin kashi uku ne kawai, don kada dangi su zaci leda guda za ta mai da shi yadda yake a da.

5.3 Kanwa da Toka

A Ingilishin Nijeriya ana kiran kanwa da sunan da aka samo kalmar fotashiyam daga gare shi, kuma alamar fotashiyam a takardar awo ita ce K, harafin farko na kanwa. Wannan ya sa wasu suke ɗauka fotashiyam shi ne kanwa. Gaskiyar magana akasin haka ce. Kanwa gishirin sodiyam ce, har ma alamar sodiyam, wato Na, ta samo asali ne daga "natrun", sunan da Larabawa suke kiran dangin kanwa. K kuwa ta fito ne daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Ke nan in ana neman abin riƙo, sodiyam shi ne na kanwa da gishiri, fotashiyam na toka.

Wannan ba gardamar malaman lugga ba ce kawai. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun buga binciken da suka yi a Zariya game da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa, inda suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da gashin jego, domin sodiyam yana tara ruwa a jiki. Ungozomar da ta san abin da ke cikin kanwa ta san abin da za ta gaya wa mai jegon da ƙafafunta suka kumbura.

6.0 ALƘALUMAN HAƊARI

Hadda tana da daraja-daraja, kuma wurin aiki shi yake nuna abin da za a sa gaba. Ƙasar Matazu, kamar sauran yankin Funtua da Malumfashi, ƙasar noma ce, cututtukanta kuma suna bin yanayi. Tun a shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka gudanar da bincike a Malumfashi, an rubuta abubuwa da yawa a kan zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sarar maciji a wannan yanki. Bayan iyakokin daidai, akwai wasu alƙaluma kaɗan waɗanda ganinsu yake nufin a miƙe tsaye.

Na farko, daga tsakiyar damina zuwa kaka, yara sukan cika asibiti da zazzaɓi. Idan himogulobin na yaro ya sauko 5, wato PCV 15, ƙarancin jini ya tsananta, ana maganar ƙarin jini. Idan sukarinsa ya gaza milimol 2.2, wato miligiram 40, zai iya suma ko ya yi jijjiga, kuma sukari ta jijiya zai iya farfaɗo da shi cikin mintoci. Na biyu, ga mai ciki, himogulobin ƙasa da 7 haɗari ne, domin jinin da wata za ta zubar wajen haihuwa ta tashi, ita zai iya tafiya da ita. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya buga a 1985, a kan haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba. Na uku, amai da gudawa suna kwashe fotashiyam, kuma bugun zuciya ya dogara da shi. Ya yi ƙasa ƙwarai ko ya haura 6, duka zuciya tana iya rikicewa. Na huɗu, ga wanda kububuwa ta sara a gona, lambar ita ce minti 20: a zuba jininsa kaɗan a sabuwar kwalba busasshiya, a ajiye ba motsi, in bayan minti 20 bai daskare ba, dafi ya shiga, yana bukatar allurar kashe dafi. David Warrell da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan gwaji a 1977, daga aikin da suka yi a arewacin Nijeriya.

Duk da haka, takarda ba ta maye gurbin ido. Mai ciwon sikila yakan yi yawonsa da himogulobin 6 zuwa 9, jikinsa ya saba. Abin tambaya shi ne nawa ya saba zama. Jinin da ya daɗe a kwalba ko ƙwayoyinsa suka farfashe wajen ɗiba yakan nuna fotashiyam sama alhali ƙarya ne. Jinin da aka ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa shi ma yakan yaudari mai karatu. In takarda ta ce mutum yana halin mutuwa shi kuwa yana zaune yana shan fura, ko ta ce lafiya lau alhali numfashi yana gagararsa, sai a koma kan majinyaci, a sake awo, a kuma sanar da likita.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa gutsurawa, da harji, da ramzi, da tilawa da satu, duk suna da gurbi a karatun jinya. Mun kuma ga cewa lamba ba ta tsayuwa sai da ma'auninta da dalilinta. A tsarin karatunmu na gargajiya ma, wanda ya sauke yakan wuce makarantar ilmi don ya san ma'anar abin da ya riƙe, kuma haka ya kamata ɗalibin jinya ya ɗauki haddarsa.

A ƙarshe, akwai aikin da ya rataya a wuyan Sashen Hausa. Magabata sun waƙe hukunce-hukuncen ibada da rabon gado da lissafin taurari, Nana Asma'u kuma ta ilmantar da matan karkara ta hanyar waƙa. Har yanzu kowane ma'aikacin jinya da irin Hausar da yake fassara takardar awo da ita. Zai kyautu masu nazarin harshe su zauna da malaman jinya a daidaita sunayen waɗannan awo, masu baiwar waƙa a cikinmu kuma su saka su a baiti, likitoci su bi musu baƙi da wasali kafin a kai aji.